Sabar hotuna ta yi nauyi: RAM zan ƙara, ko SSD, ko in kunna dedup?

Auwalu Mai Hoto:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana kafin in fitar da kuɗi. Muna da ɗan wurin ɗaukar hoto da bidiyon biki, mutum takwas ne ke aiki a kan saba ɗaya. Dell R720 ce ta hannu, da manhajar adana fayiloli ta TrueNAS SCALE a kanta, RAM 16GB, faya-fayai shida masu 4TB-4TB a RAIDZ2, tsarin da ke jure mutuwar faifai biyu. Damuwa biyu gare ni. Ta farko, rumbun ya kusa cika, an ci kusan 12TB, yana nuna kashi 83 cikin ɗari. Ta biyu, in yaro ya buɗe foldar da ke da hoto dubu uku sai ya zauna yana kallon allo kafin su fito, musamman da safe. Kuma na san yaran nan suna kwafe folda guda zuwa wuri uku, ta amarya daban, ta ango daban, ta masu buga albam daban. Wanda ya sayar mana da sabar ya ce in sa SSD biyu, ɗaya L2ARC don saurin karatu, ɗaya SLOG don saurin rubutu, sannan in kunna dedup, wato tsarin da ke ajiye bayanan da suka maimaitu sau ɗaya kawai, wuri zai samu, gudu zai samu. Kuɗin da ke hannuna ba za su yi duka ba. Da wanne zan fara?

Nura Kaduna:
Wa alaikumus salam. Oga Auwalu kunna dedup kawai. Tunda kai da kanka ka ce fayil ɗaya yana wuri uku, ai dama saboda irinku aka yi shi.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, don Allah kada ka taɓa maɓallin nan tukuna. Nura, tsaya mu yi lissafi a gaban kowa.

In ka kunna dedup, duk bulon bayanan da za a rubuta sai ZFS, tsarin da TrueNAS ke adana fayiloli da shi, ya fitar da sa-hannunsa, ya duba wani kundi da ake kira DDT, ya ga ko akwai irinsa. Kowane bulo da ba shi da abokin kama yana da layinsa a kundin, kuma abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kimanin bayit 320 a kowane layi. Girman bulo na asali a ZFS 128K ne. 1TB kenan bulo miliyan takwas da ɗoriya. Naka 12TB, bulo kusan miliyan ɗari. Ninka da 320, ka samu wajen 32GB. Kundin kaɗai ya ninka RAM ɗinka gaba ɗaya sau biyu. Abin da bai shiga RAM ba a kan faifai za a riƙa nemo shi, kuma kundin ba a jere ake karanta shi ba, tsalle-tsalle ne, don sa-hannun bulo ba ya bin tsari. Faifai mai juyawa kuwa ba abin da ya tsana irin tsalle-tsalle. Sabar da yanzu take jan ƙafa sai ta zauna daɓas.

Wani abin da masu sayar da kaya ba sa faɗa: kunna shi yau ba zai rage ko bayit ɗaya daga 12TB ɗin da ke kwance ba. Sabon rubutu kawai yake shafa. Haka kuma in ka gaji ka kashe shi, abin da ya riga ya shiga kundin yana nan har sai ka goge shi ko ka sake rubuta shi.

Nura Kaduna:
Injiniya da girmamawa, wannan lissafin tsohon yayi ne. Wa ya ce dole ya zauna a 128K? Hoto da bidiyo manyan fayiloli ne. Ya mayar da recordsize, wato girman bulo, 1M, yawan bulo ya ragu ninki takwas, kundin ya dawo kamar 4GB. Sannan OpenZFS 2.3 da ya fito a Janairun 2025 ya zo da Fast Dedup. Akwai iyaka da za ka sa wa kundin kada ya wuce, akwai zpool ddtprune da ke share layukan da ba su taɓa samun abokin kama ba. Ba dodon da ake ba mu tsoro da shi tun 2009 ba ne.

Injiniya Bashir:
Ka faɗi gaskiya a duka biyun, ban musa ba. Fast Dedup ya rage ciwon sosai. Amma recordsize ma sabon rubutu kawai yake shafa. Wato kafin ya ci moriyar shawararka sai ya kwashe 12TB ya sake zubawa. A ina zai ajiye su? Rumbun nasa bai fi 2TB da ɗan wani abu ya rage ba.

Hajiya Rabi:
Barkanku. Ni kafin a kai ga dedup ina da tambaya ga Malam Auwalu. Ka ce nauyin ya fi yawa da safe. Sabar tana kwana a kunne?

Auwalu Mai Hoto:
A'a Hajiya. In mun tashi wajen ƙarfe tara na dare mukan kashe ta, don batirin inbata ba ya kai ta asuba, kuma ba za mu bar janareta yana ci ba kowa. Da safe wanda ya fara zuwa ya kunna.

Hajiya Rabi:
To ga rabin amsarka nan.

ZFS yana riƙe abin da aka karanta a cikin RAM, shi ne ARC. Ba kawai na baya-bayan nan yake riƙewa ba, yana ware wanda aka taɓa sau ɗaya da wanda ake yawan komawa kansa, yana kuma tuna abin da ya fitar kwanan nan don ya gane in ya yi gaggawar fitarwa. Asalin dabarar ta wasu masu bincike ne biyu a IBM, Megiddo da Modha, a 2003, mutanen kamfanin Sun suka ɗauka suka gyara ta don ZFS. Tana aiki da kyau, amma sai an ba ta lokaci ta koyi abin da kuke so. Kamar mai shago ne da ya gane kayan da ake yawan tambaya ya jera su a kanta, sauran ya bar su a sito. Ku kuma kullum da dare sai ku kwashe kantar kaf ku mayar sito. Da safe duk wanda ya zo sai an shiga ciki an lalubo masa.

Yawancin shawarar da za ka gani a intanet, ta cewa ƙara RAM kawai ka manta da L2ARC, waɗanda sabarsu ke yin wata shida ba a kashe ta ba ne suka rubuta. Mu nan ba haka muke ba. Ko RAM ɗinka ya kai 128GB, ƙarfe takwas na safe fanko ne.

Tun OpenZFS 2.0, a ƙarshen 2020, L2ARC yana iya tsira bayan an kashe an kunna. Shi ƙarin ARC ne, amma yana kan SSD ne, in saba ta tashi sai ta sake gina jerin abin da ke ciki. Don haka a wurinka ni ina ganin amfaninsa fiye da yadda aka saba faɗa.

Injiniya Bashir:
Hajiya kin kama inda ban duba ba. Sai dai ina nan a kan cewa RAM ne farko. Duk bulon da ke L2ARC yana cin ɗan wuri a RAM don a san inda yake. Bai kai bayit ɗari ba, amma in ya sa SSD mai 1TB ya cika da ƙananan bulo, abin yana taruwa, kuma daga cikin 16GB ɗin nan da TrueNAS ma ke ci a ciki za a cire. Kuma L2ARC daga abin da ke shirin fita daga ARC yake samun abincinsa. In ARC ƙarami ne, kaya na wucewa da sauri, ba ya samun kamawa da kyau.

R720 DDR3 ECC take ci, gurbi 24 gare ta. Irin wannan RAM ɗin na hannu yana cikin mafi arha a kayan saba. Ka kai ta 64GB kafin komai.

Hajiya Rabi:
Ban ƙi ba. RAM, sannan ƙaramin SSD. Kuma ba sai ya bar L2ARC ya cinye komai ba. Ya sa secondarycache=metadata a kan dataset ɗin bidiyo, wato sashen rumbun da bidiyo ke ciki, ya bar all a kan na hotuna. Abin da ke sa buɗe folda jinkiri tun farko shi ne metadata, wato sunan fayil, girmansa, ranar da aka taɓa shi, da inda bulonsa suke. Ƙanana ne, a warwatse suke a faifai. RAIDZ2 guda mai faifai shida kuwa, a wajen irin wannan karatun tsalle-tsalle, ƙarfinsa bai wuce na faifai ɗaya da yawa ba, wato karatu kamar ɗari a daƙiƙa. Mutum takwas su taru a kan wannan da safe, kowa Windows ɗinsa na son ya zana ƙananan hotunan folda, me kake tsammani?

Auwalu Mai Hoto:
Allah ya saka da alheri. To SLOG ɗin fa? Shi mai sayarwar ya ce shi ne ke sa rubutu ya yi gudu.

Injiniya Bashir:
Riƙe kuɗinka. SLOG ba ma'ajiyar rubutu ba ne yadda mutane ke zato. Rubutu a ZFS a RAM yake taruwa, sannan a zuba shi a faifai a dunƙule, bisa al'ada duk daƙiƙa biyar. SLOG yana shiga ne kawai in manhajar da ke rubutun ta ce ba za ta ci gaba ba sai an tabbatar mata abin ya sauka a wurin da ɗaukewar wuta ba za ta shafe shi ba. Masu irin wannan buƙatar su ne rumbunan bayanai, da kwamfutocin cikin kwamfuta da ke zaune a kan NFS ko iSCSI. Yaron da ke jan folda daga Windows zuwa saba ta SMB galibi ba ya neman haka. Za ka sa SSD ɗin ya zauna yana hamma.

In kuna da Mac a wurin, su sukan nemi wannan tabbacin fiye da Windows, sai a duba. Kuma ko da ana buƙata, ba kowane SSD ba. Sai mai ɗan ma'ajin wuta a jikinsa da zai ƙarasa rubutu in wuta ta yanke. SSD na kasuwa da ba shi da wannan, sa shi a SLOG yaudarar kai ne.

Auwalu Mai Hoto:
Duk Windows ne.

Injiniya Bashir:
Shi kenan, cire SLOG daga lissafi. Kuɗinsa ka sa a UPS mai kebul ɗin USB, ka haɗa da TrueNAS yadda in batir ya yi ƙasa za ta kashe kanta cikin tsari.

Issa Ɗan Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Mu ma nan zancen wuta ɗaya ne da naku. Amma me ya sa ba wanda ya ambaci special vdev? Tun sigar 0.8 a 2019 yake. Ka sa SSD, metadata gaba ɗaya ta koma can ta zauna dindindin, ba jiran ɗumama, ba komai. Ni shi nake amfani da shi, buɗe folda kamar ƙiftawar ido.

Hajiya Rabi:
Malam Issa yana aiki, ba shakka. Amma faɗa masa sauran. L2ARC in ya mutu, kwafi ne ya mutu, saba ta koma jinkirinta, ba abin da ya ɓata. Special vdev in ya mutu, rumbun gaba ɗaya ya tafi, domin shi ke riƙe da taswirar inda komai yake. Hotunan suna nan a faifai amma ba mai iya gano su. Don haka dole a yi masa madubi, wato wani SSD mai riƙe da kwafinsa, kuma wanda ya yi RAIDZ2 don ya jure mutuwar faifai biyu, in zai yi adalci SSD uku zai sa. Sannan a rumbun RAIDZ, in ka sa shi ba ya ciruwa. Ga shi kuma tsohuwar metadata ba ta ƙaura da kanta, sai abin da aka rubuta bayan an sa shi.

Mutumin da ke riƙe da hotunan auren mutane, wanda ba za a sake ɗaura shi don an rasa fayil ba, ni ba zan tura shi can da SSD ɗin da bai san tarihinsa ba.

Issa Ɗan Maraɗi:
Nawa biyu ne a madubi, kuma ina da kwafi a wani wuri. Amma na yarda, ga wanda zai fara, L2ARC ya fi sauƙin janyewa.

Nura Kaduna:
Duk kun koma kan gudu kun bar maganar wuri. Mutumin nan rumbunsa ya kai 83. Ko RAM ɗin duniya ya sa, in ya cika ya cika. Kuma ku da kanku kun san ZFS in ya haura kashi 80 yana fara wahalar neman fili, rubutu ya farfashe.

Injiniya Bashir:
Wannan gaskiya ne, kuma yana cikin abin da ke ja masa nauyi yanzu haka. Amma duba irin maimaicin nasa. Ba bulo ne ke kama da bulo a cikin fayiloli mabambanta ba, kamar yadda ake samu in kana da kwamfutocin cikin kwamfuta hamsin duk Windows iri ɗaya. Can ne dedup ke cin kasuwarsa. Nasa fayil ne sukutum aka kwafa. Wannan ba ya buƙatar kundin da zai zauna a RAM har abada. Manhaja irin Czkawka ko dupeGuru ko jdupes za ta zagaya, ta fara da girman fayil, waɗanda girmansu ya zo ɗaya ta gwada cikinsu, ta ba shi jeri. Aikin yini ɗaya ko biyu, an gama.

Kuma hoton da aka gyara ko kaɗan, aka ƙara haske aka sake ajiyewa a JPEG, a idonka ɗaya ne da na asali, a wurin ZFS ba bulo ɗaya da ya yi kama. Dedup ba zai ga komai ba a nan. Na Windows Server ya fi wayo ta wani fannin, don yana yanka fayil gutsure masu girma dabam-dabam kuma bayan an gama rubutu yake bi, amma shi ma JPEG da aka sake matsewa ya fi ƙarfinsa.

Nura Kaduna:
To a gwada mana a daina hasashe. zdb -S yana ƙiyasta ribar dedup ba tare da an kunna shi ba. A TrueNAS sai ka nuna masa fayil ɗin rumbu: zdb -U /data/zfs/zpool.cache -S sai sunan rumbun. In rabon da ya bayar ya haura 2, Injiniya ka sayo mini tsire.

Injiniya Bashir:
Na yarda da sharaɗin. Amma ba a kan 16GB ba, don shi kansa gwajin a RAM yake gina kundin nasa, kuma zai ɗau sa'o'i yana bin rumbun. Bayan an ƙara RAM, ranar da ba aiki.

Malam Sadisu:
Ni ɗalibi ne a nan, a yi mini afuwa. Matse bayanai fa? Na ga ana cewa a kunna lz4 ko zstd.

Hajiya Rabi:
Tambaya mai kyau ƙanena. TrueNAS da lz4 a kunne yake zuwa, a bar shi haka. Kyansa shi ne in ya fara matse bulo ya ga ba ya matsuwa sai ya haƙura da wuri, bai ɓata lokaci ba. JPEG da MP4 an riga an matse su tun daga kyamara, don haka kada Malam Auwalu ya sa ran komai daga nan. Ya buga zfs get compressratio zai ga abin bai wuce 1.0 da ɗan kaɗan ba. zstd yana da amfani a takardu da rumbunan bayanai, a hotuna kuwa wahalar da injin kawai zai yi.

Auwalu Mai Hoto:
Na duba abubuwan da kuka ce. compressratio 1.01. Na kuma lura in mutum ɗaya yana kwafe bidiyo, gudun yana tsayawa a 112MB a daƙiƙa, ba ya wucewa ko da dare ne ba kowa.

Injiniya Bashir:
Wannan ba laifin faifai ba ne, iyakar wayar ce. Gigabit ɗaya abin da yake bayarwa kenan, 110 zuwa 117. Faya-fayanka shida a karatun jere sun fi haka nesa. Don haka masu bidiyo ko ka cika sabar da SSD ba za su ga canji ba sai an faɗaɗa hanya. Katin 10G na hannu irin Mellanox ConnectX-3 a sabar, da suwici mai ƙofar 10G ɗaya ko biyu, sauran ƙofofin 2.5G ko ma 1G. Ko ba komai, mutum takwas sun daina rabon gigabit ɗaya. Amma wannan zagaye na biyu ne.

Wani abu kuma, turo mana lambar samfurin faya-fayan. A 2020 an gano wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB SMR ne, wato masu ɗora layukan rubutu a kan juna, waɗanda lambarsu ta ƙare da EFAX. Irinsu in rubutu ya yi yawa suna durƙushewa, kuma wajen sake gina RAIDZ bayan faifai ya mutu suna iya kwana da kwanaki. Masu EFRX ba su da wannan.

Auwalu Mai Hoto:
Na duba, ba ko ɗaya mai EFAX. Alhamdu lillahi. Na sa Czkawka tun jiya a kan foldar bikin bara kaɗai, ya nuna fayilolin da suka maimaitu sun kai 900GB. Na goge kusan rabi don gwaji, amma wurin bai ƙaru ba ko kaɗan. Ko na yi wani abu ba daidai ba?

Hajiya Rabi:
Kana da sinafshot, wato abin da ke adana yadda fayiloli suke a wani lokaci don a iya komawa?

Auwalu Mai Hoto:
Eh, kullum ɗaya, yana ajiye na wata guda.

Hajiya Rabi:
To su ke riƙe da su. Duk bulon da wani sinafshot ke nuni gare shi ba ya sakuwa sai wannan sinafshot ɗin ya tafi. Buga zfs list -o space, duba layin USEDSNAP, za ka ga kayanka a can. Kada ka yi gaggawar share su. Yanzu ne ma ka fi buƙatarsu, tunda goge-goge kake yi, in hannu ya zarce a nan za ka dawo da abu. Nan da wata guda wurin zai fito da kansa.

Nura Kaduna:
Kuma wata uku masu zuwa yaran sun sake cika shi da kwafi. Abin da nake faɗa kenan tun farko. Dedup ba ya gajiya, mutum yana gajiya.

Hajiya Rabi:
Akwai hanya tsakanin taka da ta Injiniya. OpenZFS 2.2 ya zo da block cloning a 2023. In an kwafi fayil daga wuri zuwa wuri a cikin rumbu ɗaya, kuma saba ce ta yi kwafin da kanta, ba a sake rubuta bulo, nuni kawai ake ƙarawa. Ba sa-hannun da za a lissafa wa kowane rubutu, abin da aka kwafa kaɗai ake bi. Farkon fitowarsa ya tono wani tsohon kwaro da ke lalata fayil, har aka kashe shi a 2.2.1, aka gyara kwaron a 2.2.2, don haka sai a sabuwar siga. Malam Auwalu, bayan ka sabunta TrueNAS, sa yaro ya kwafi babbar folda daga wuri zuwa wuri a cikin share ɗaya, sannan ka buga zpool get bcloneused,bclonesaved. In lambobin sun motsa, yana aiki.

Sai dai in yaro ya sauke folda zuwa kwamfutarsa sannan ya sake ɗora ta, wannan sabon rubutu ne, ba abin da zai kama shi sai dedup ɗin Nura.

Nura Kaduna:
A rubuta, Hajiya ta ce sai dedup ɗin Nura.

Injiniya Bashir:
An rubuta. Tsiren dai sai zdb ya yi magana.

Malam Auwalu, in RAM ɗin ya iso kada ka cusa shi yadda ka ga dama. A R720 kowane injin sarrafawa da gurabensa, na A da na B, kuma in guda ɗaya ne a cikin sabar to gurabun B ba sa aiki. Fara da masu farin maƙalli, ka raba daidai, kada ka haɗa RDIMM da UDIMM. Taswirar tana jikin murfin daga ciki. Ka bar memtest, mai gwada lafiyar RAM, ya zagaya aƙalla sau ɗaya kafin ka mayar da ita aiki, sannan ka turo mana arc_summary, wato rahoton ARC, na ƙarfe tara na safe da na ƙarfe huɗu na yamma, mu ga girman SSD ɗin da ya kamace ka.